Sudoku, cike gurbi ko rubutun sirri, wanne ya kamata ka saya?

Kafin ka zaro kuɗinka don sayen mujallar wasan wasa ƙwaƙwalwa a bukshof ko wajen masu baza tsofaffin mujallu a ƙasa, fara auna Turancinka tukuna, don nan ne mutane suke asara.

Mujallar cike gurbi, wadda za a ba ka tambaya ka jera amsa a tsaye da a kwance, tun 1913 wata jarida a New York ta fara buga irin wasan. In ta Ingila ce ka ɗauko to ba Turanci kaɗai za ta nema ba, sai ka ga ana tambayarka sunan wani ƙaramin kogi ko ɗan wasan kurket, ko digiri gare ka sai ka yi zuru, kuma akwai nau'in da ita kanta tambayar a murɗe take, sabon shiga kar ma ya fara.

Sudoku kam ba ruwanta da yare. Gida 81, lamba 1 zuwa 9, kar lamba ta maimaitu a layi na tsaye ko na kwance ko cikin ƙaramin akwati mai gida tara, shi ke nan, babu lissafi duk da mutane na jin tsoronta. A Amurka ta fara fitowa a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ne ya yayata ta da wannan sunan. Ka dai zaɓi wadda aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na nemo kalma cikin tarin haruffa kuwa a bar wa yara.

Ni dai da za a bi ta tawa, rubutun sirri ya fi daɗi. An ɗauki jimla an musanya kowane harafi da wani, kai kuma ka warware, dabarar ma tsohuwa ce, wani malami Balarabe, Al-Kindi, ya rubuta ta a Bagadaza tun ƙarni na 9: ƙirga harafin da ya fi yawa. A Turanci yawanci E ne, kalma mai harafi ɗaya A ce ko I, mai uku da ke ta dawowa sau da yawa THE ce, kana kama waɗannan sai ka ga sauran na ta warwarewa kamar bakin zare. In kun haɗa na Hausa da abokai, A za ka fara zargi, sai su "da" da "na".

Duk wadda za ka saya, juya baya ka tabbatar shafin amsoshi na nan ba a yage ba, in gwanjo ce ka buɗe tsakiya don wani sa'in rabinta an cike da biro. Taɓa takardar ma, in ta cika laushi gogewa biyu ta huje.

Irin waɗannan wasannin na waya yawanci kyauta ne amma talla ta yi yawa, ga maɓallin taimako yana ta jan hannunka. Sudoku za ta yiwu a waya, rubutun sirri kuwa sai takarda da fensir, don kana buƙatar gefen shafi inda za ka riƙa ƙirga haruffa.