Auna amfanin kamfani ga al'umma: ma'aunin aro ko na gida?

Masu sababbin kamfanoni suna yawan tambayata: mu ɗauki ma'aunin da aka riga aka tsara, ko mu ƙirƙiro namu?

Na aro, irin IRIS+ da GIIN, ƙungiyar masu zuba jari don amfanin al'umma, ta fitar a 2019, kyauta ne, kuma an haɗa shi da muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Masu zuba jari sun san shi, nan take za su kwatanta ka da wasu. Illarsa, yana iya jan ka ga ƙirga abin da ya fi sauƙi.

Na gida yana cin lokaci da kuɗi, amma ya fi shiga lungu. Kamfanin koyar da sana'a zai rubuta cewa mutum kaza sun halarta. To bayan shekara, nawa ne ke cin abinci da sana'ar? Sai an bi su an tambaya, kuma a ganina nan gaskiyar take. Sai dai kana iya zaɓar abin da zai faranta maka kawai, kuma in ka sauya ma'auni bayan kamfani ya girma, alƙaluman bara ba za su kwatantu da na bana ba.

Mai neman jari, na aro ya fi masa. Mai son gyara aikinsa tun yana ƙarami, ya tsara nasa.