Asuwaki, buroshi ko garin kwalba: me za ka saya wa haƙoranka a Damagaram?

Shekara uku ke nan ban kurɓi ruwan randa ta gefen hagun bakina ba. Wani gari ne ya ja mini, wanda na saya cikin ƴar kwalba a bakin wata tasha, mai shi yana rantsuwa zai goge jan goro da dafin shayi cikin mako guda. Ya goge ɗin kuwa, har da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin, wanda in ya tafi ba ya sake tsirowa. Tun daga nan, duk abin da zan kai baki, tambayata ta farko ita ce: yana kankare haƙori?

Gawayi, toka da gishiri duk sun faɗi wannan jarrabawa. Buroshin lantarki kuwa sai mai tabbacin wuta. Ruwan kuskure baki na kwalba ƙamshi yake bayarwa, ba ya ɗauke maka gugar.

Asuwaki ba na raina shi. Sunna ne, ga araha, kuma a garin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, abin da ba ya neman ruwa ya ci a yaba masa. Amma da wuya ya kai bayan turamen ciki, kuma mai dirza da ƙarfi yakan janye dasashinsa. Ka riƙe shi na rana, lokacin alwala da bayan shayin fada.

Nawa gwanin shi ne buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Mutanenmu sun fi son mai tauri, wai shi ke fitar da datti, alhali dattin da ke ruɓar da haƙori laushi gare shi kamar kamu, shafa kawai yake so. Nemi wanda aka rubuta souple a kwalinsa, mai ƙaramin kai. Man kuma juya bayansa: na manya ya nuna 1,000 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawan fulorayid ɗin), yawanci 1,450 za ka gani. Wannan sinadari ne ke ƙarfafa ɓawon bayan sukarin shayi zagaye uku ya gama aikinsa. Sau biyu a rana, minti biyu, na dare ya fi muhimmanci domin yawu yana raguwa cikin barci. In ka gama ka tofar, kada ka kuskure. Buroshi wata uku ne. In gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, ya gama. Yaro ƙasa da shekara 3, man kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya ishe shi.

Sai dai jabu ya yi yawa. Kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, ciki alli da ƙamshi. Wanda ba ya ɗauke da ranar lalacewa, ko rubutunsa ya cuɗe, ko ya wuni a rana bisa tire har ruwa ya rabu da shi, bar wa mai shi kayansa. A 2007 an kama man goge baki mai guba a Panama da Amurka, don haka ni a farmasi nake sayen nawa, ko da ya ɗara da dala ashirin.

Mafi muni su ne masu cire “tsutsar haƙori”. Babu wata tsutsa, da ita suke zuwa a hannu. Haka masu ɗiga ruwan batir a kogo, da masu cewa ka danna aspirin a dasashi, ƙonewa kawai za ka yi. Kanumfari yana lafar da zugi na dare ɗaya, kogon yana nan. Mai cire haƙori a bakin hanya kuma, ƙarfen da ya sa wa na gabanka shi zai sa maka, kuma ciwon hanta ta jini yake bi.

Tsoron likitan haƙori ne ke kai mu hannunsu, na sani. Amma ana yin allurar kashe zafi kafin a taɓa ka, cire haƙorin sama ba ya makantarwa, wankin asibiti kuma ba ya sassauta haƙori, dattin da ya daskare ne ya riga ya ci dasashi. Wanda ya je babban asibitin ƙasa da wuri, sau da yawa ciko ake masa, ba cirewa ba.

Iyaye mata, ku riƙa leƙa bakin yara ƴan shekara 2 zuwa 6. Dasashi mai jini da wari da kumburin kunci na iya zama farkon ciwon noma, wanda ke cin fuska cikin kwanaki. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da shi a nan Damagaram. Ranar da kuka gani, ranar za ku kai shi likita.