Kayak mai feda: ya kai mutum kilomita 6 cikin teku, ya bar shi da filafili

Da a watan farko na rubuta wannan sharhi, tauraro biyar zan ba shi ba tare da dogon tunani ba. Yanzu kuwa ukun ma sai da na yi ta kai-kawo da zuciyata, kuma duk a kan wani ɗan guntun ƙarfe mai kaurin milimita 3. Kayak ne, wato ƙaramin jirgin ruwa na mutum ɗaya, na masu fatsa a teku, irin wanda ake zama a samansa, tsawonsa mita 3.9, faɗinsa santimita 86, gangar jikinsa ta roba kilo 39, na'urar feda mai farfela kuma kilo 9. Masu harkar sun san irinsa, sun kuma san abin da ake zubewa kafin a ɗauko shi.

Masu sayarwa da nisa suke tallarsa, wai zai kai ka inda filafili ba zai kai ka ba. Gaskiya suka faɗa, kuma a nan matsalar take. Mai tuƙa kayak ɗin fatsa da filafili a ruwa kwance yana yin kilomita 4 zuwa 5 a awa, in bai takura kansa ba. Shi ya sa za ka ga akasarin masu filafili ba sa wuce kilomita 1 zuwa 3 daga gaɓa, in an haɗa zuwa da dawowa da yawo tsakanin wuraren da kifi yake kuma a tashi da kilomita 8 zuwa 15 a yini. Masu jan ƙugiya a baya suna tafiya su ne ke haura 20, amma galibi gefen gaɓa suke bi, ba tsakiyar teku suke nufa ba. Mutane kan cakuɗa lissafin nan biyu. Nisan da GPS ya nuna ka yi a yini daban, nisan da ke tsakaninka da ƙasa daban, kuma na biyun ne ke yanke hukunci ranar da abu ya lalace.

Da feda, wannan kayak yana riƙe kilomita 5.5 zuwa 6 a awa na tsawon awa biyu ko uku ba tare da cinya ta yi tsami ba, hannu biyu kuma a sake, kana ɗaura ƙugiya kana tafiya. Wurin da ke kilomita 6 daga gaɓa, wanda mai filafili zai yi shawara sau biyu kafin ya nufa, ya zama tafiyar awa guda. Tun kafadarka ba ta san an fito ba ka riga ka isa. Gajiyar da a da take yi wa mutum birki ta ce ya isa haka, feda ta ɗauke ta, ba ta kuma bar komai a madadinta ba.

A daidai wannan kilomita 6 ɗin fil ɗin farfela ya karye. Ga waɗanda ba su taɓa kwance tasu ba: farfelar ba a manne take da sandar da ke juya ta ba, wani siririn fil ne ya ratsa sandar ya shiga tsagi a bayan farfelar. Da gangan aka yi shi mara ƙarfi, don in farfela ta bugi dutse shi ya karye, giyar ciki ta tsira. Wannan ba laifi ba ne, dabara ce mai kyau, injin jirgin ruwa ma da yawa haka ake yi musu. Abin da ya karya shi a nan zaren fatsa ne irin saƙaƙƙen nan, wanda ya naɗe tsakanin farfela da gidanta ya ɗaure tamau. Alamarsa feda ta yi nauyi na 'yan daƙiƙu, in ka danna da ƙarfi sai ka ji ta saki gaba ɗaya, ƙafa na juyawa wayam, kayak na tsaye. Duk wanda ya ji fedarsa ta yi nauyi haka kawai, kada ya danna. Ya ɗago na'urar ya duba bayan farfela.

Takaicina shi ne an ƙera abin da aka san zai karye, aka kuma ƙera shi yadda ba zai canzu a kan ruwa ba. Notin da ke riƙe farfela yana can cikin rami, sifana ba ta kama shi, filaya ba ta shiga, sai soket mai dogon baki. Ba a sa soket ɗin cikin kayan da suka zo da kayak ba, ba a sa fil na canji ko ɗaya ba, littafin bayani ma bai ambaci girmansa ba. Ko da soket a hannu, tsugune ba ta ƙare ba. Fil ɗin da sandar ba ƙarfe iri ɗaya ba ne, ƙarfe iri biyu kuwa in suka haɗu cikin ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya, sai guntun da ya rage a ramin ya like da farin gari kamar an yi masa walda. A kan tebur, da tsinken ƙarfe da guduma da man sassauta tsatsa, minti 20 ya ci. A kan cinya, igiyar ruwa na ɗaga ka tana saukewa, noti ɗaya in ya suɓuce ya tafi ke nan, wannan aiki ba mai yiwuwa ba ne.

To sai filafili. A nan ne kayak ɗin ya nuna ainihin halinsa. Kujerarsa a sama take, abin da ke da daɗi wurin jifa da hangen ruwa, amma ga mai tuƙi azaba ce. Filafilin da aka haɗo da shi santimita 230 ne, alhali faɗin santimita 86 da doguwar kujera suna neman 250 zuwa 260. Da gajeren, ko dai ka riƙa bugun gefen kayak da 'yan yatsu, ko ka riƙa karkata hagu da dama kana neman ruwa, rabin ƙarfinka na tafiya a banza. Farfelar da ta mutu in ka bar ta a ƙasa ja take yi kamar ka ɗaura bokiti, in ka ɗago ta kuma ta tsaya maka a gaban gwiwa, ta bar rami buɗe a tsakiya ruwa na tsalle ta ciki. Akwai murfin da ake toshe ramin da shi, amma daban ake sayar da shi. Wannan ma raini ne.

A ruwa kwance, da kaya da mutum, kilomita 4 a awa yake yi da filafili. Ranar kuwa iska daga ƙasa take busowa zuwa teku, wajen kilomita 22 zuwa 25 a awa, mataki na 4 ke nan a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, inda fararen kumfa ke bayyana a kan igiyoyi nan da can. GPS bai wuce 1.8 ba. Ku yi lissafin da kanku: tafiyar awa ɗaya ta koma awa uku da minti 20, kuma babu hutu a ciki, domin da ka ajiye filafili na minti biyar iska za ta mayar da kai baya fiye da mita 100. Duk abin da ke tsaye a kan kayak ya zama tanti mai kama iska: sandunan fatsa huɗu a tsaye, kula a baya, kujera, jikin mutum kansa. Kwantar da sandunan da sauke kujera zuwa matakinta na ƙasa sun ƙara ɗan gudu, abin da ya kamata a fara yi tun kafin a tsoma filafili.

Iskar da ke fitowa daga ƙasa tana da kyan ɗan maciji. A bakin gaɓa ruwa lumui yake, don iskar ba ta sami filin tayar da igiya ba tukuna, tana kuma tura ka daga baya kana jin kai gwani ne. Sai ka yi nisa ka juyo za ka ga abin da ke jiranka. Ga kuma jan da ake yi wa mutum yana zaune yana fatsa: in ruwa da iska suna tafiya da kai kilomita 1.5 a awa, awa biyu ka ƙara kilomita 3 ba ka motsa ƙafa ba. In aka yi rashin sa'a teku na janyewa a lokacin, musamman kusa da bakin kogi ko mashiga, ruwan ma yana gaba da kai. A yawancin gaɓoɓi tsakanin cikar teku da janyewarta awa shida ne da 'yan mintoci, ƙarfin jan ya fi tsanani a tsakiyar wannan lokaci, a awa ta uku da ta huɗu. Wanda bai duba jadawalin ba kafin ya fita, ya bar dawowarsa a hannun sa'a.

Kada in ci haƙƙinsa, akwai inda ya burge ni, kuma a ranar ce ma. Igiyoyi na dukan gabansa awa uku, bai taɓa nuna alamar kifewa ba. Ruwan da ya hau sama yana zurarewa ta ramukan ƙasa nan take, murfin ma'ajiyar gaba bai bar ko kofi ɗaya ya shiga ciki ba. Faɗin nan da ke cin ƙarfin mai tuƙi shi ne ke ba shi wannan natsuwa, ba a samun biyun a tare. Siririn kayak mai tsawon mita 4.5 zuwa sama zai yanka iskar nan cikin rabin lokacin, amma ba za ka iya juyawa ka ɗauko abu a kula ba tare da zuciyarka ta buga ba. Kujerar ma, in feda na aiki, awa bakwai a kanta baya ba ya ciwo. Har na fara jin ko na tsananta masa.

Sai na tuna wutsiyar da ke juya akalarsa a baya. Ƙarama ce ƙwarai, kuma da hannu ake sarrafa ta, da wani ɗan mariƙi a gefen kujera. Muddin ƙafa ce ke tuƙi, wannan daidai ne. Da ka koma filafili, hannu biyu sun kama aiki, babu mai riƙe akala. Iska ta bugi gaba ta karkatar da shi, ka saki filafili ka gyara, kafin ka sake kamawa gudun da ka tara ya zube. Mafita ita ce a saita wutsiyar ɗan karkace a bar ta, a riƙa gyara hanya da bugu biyu a gefe guda, ɗaya a ɗayan. Yana aiki, amma kafaɗa ɗaya ce ke biyan bashin. Wanda ya zana wannan kayak bai taɓa tunanin ranar da za a tuƙa shi da hannu daga nesa ba, ya ɗauki filafili a matsayin abin fita daga gaɓa da shiga kawai.

Ga mai shi ko mai niyyar saye, nisan da za ka yarda ka yi daga ƙasa kada ka auna shi da feda. Ka zaɓi rana mai 'yar iska, kusa da gaɓa, ka ɗora duk kayan da ka saba ɗauka, ka ɗago na'urar, ka tuƙa da filafili kana fuskantar iskar na minti 30 cur, ka ga abin da GPS ya rubuta. Ka ninka shi huɗu, wato tuƙin awa biyu, wannan ne iyakarka. A wannan kayak lissafin ya ba ni kilomita 3.5 zuwa 4, kusan daidai da inda masu filafili ke tsayawa tun asali. Tsohuwar ƙa'idar kasa ƙarfi uku tana nan: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Ka fita kana fuskantar iska domin ta rako ka gida. Ka kuma sani cewa idon mai zaune a kayak bai kai mita ɗaya daga ruwa ba, iyakar hangensa wajen kilomita 3 zuwa 3.5 ne, bayan nan rairayin gaɓa ya nutse, sai dogayen abubuwa kaɗai. Don haka kamfas a kan kayak, rediyon VHF na masu shiga teku a maƙale a rigar kariya ba a cikin ma'ajiya ba, tasha ta 16 ce ta neman agaji, kuma wani a ƙasa ya san lokacin da ya kamata ka dawo.

Shi kuma fil ɗin, tun ranar da aka kawo kayak a kwance farfela a gida, a zare shi, a shafa giris na ruwa a ramin da jikinsa, a mayar. A maimaita duk bayan fita huɗu ko biyar, a wanke na'urar da ruwan daɗi kowace dawowa, a duba bayan farfela ko zare ya naɗe. In ana haka, guntun da ya karye da ɗan tsinke ma yana fita. Fil uku na canji, noti ɗaya, soket ɗin a ɗaure da igiya, duk a ƙaramin gwangwani mai murfi. Kada a yi wayon sa fil mai tauri don kada ya sake karyewa, giyar ce za ta karye a madadinsa. Filafilin da ya zo da shi a ajiye a gida, a nemi mai santimita 260, a sayi murfin ramin nan da aka ƙi haɗowa.

Tauraro uku. A cikin kilomita 3 daga gaɓa, ko a mashigar da ƙasa ta kewaye, ban ga na biyunsa ba wurin zama da natsuwa. Amma har yanzu in na buɗe gwangwanin nan na ga fil uku da ba su kai nauyin ƙugiya ɗaya babba ba, waɗanda aka kasa jefawa cikin kwali, sai in ji kamar in rage tauraro ɗaya.