Gargaɗi: akwai mai fesa wa tsofaffin kayan sauti fenti yana sayarwa a matsayin na musamman

Jama'a, musamman masu sha'awar kayan sauti na gida, akwai wani mutum da ke tallar garmaho da lasifika da amfilifaya a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ya cuce ni, ya kuma cuci wani abokina. Ba zan kama suna ba, domin maganar tana gaban hukuma, kuma sunan shafin nasa ma canza shi yake yi duk lokacin da asirinsa ya fara tonuwa. Salonsa ne ba ya canzawa, shi nake so ku gane.

Da launi yake farautar mutane. Duk wanda ke cikin wannan harka ya san gardamar da muka daɗe muna yi. Wasu ba sa yarda da komai sai fuskar ruwan azurfa irin ta Marantz da Pioneer na shekarun 1970, ko baƙi wuluk irin wanda ya mamaye kasuwa a shekarun 1980, lasifika kuma dole akwatinta ya zama na katako mai nuna jijiyarsa. Wasu kuma sun gaji da baƙi, suna son ja ko shuɗi ko fari, abin da zai haska falo. Ni ina cikin na biyun, kuma ban ga laifin haka ba, tunda kamfanonin da kansu sun biyo mu: kamfanin KEF ya fitar da lasifikar LS50 Meta a 2020 har da shuɗiya. Mutumin nan ya karanci wannan gardama sarai, kuma kowane ɓangare ya tanadar masa tarkonsa.

Ni da garmaho ya kama ni. Kamfanin Technics ya fara yin garmahon SL-1200 a 1972, da garmahon ya cika shekara 50 a 2022 sai kamfanin ya fitar da SL-1200M7L mai launi bakwai, guda 12,000 kacal a duk duniya. Ina da faya-fayan da na gada a wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na daɗe ina burin na'urar da ta dace da su. Sai ga jan a shafin mutumin, hoto tas, yana ƙyalli. Farashin da sauƙi, amma bai yi arhar da za ta sa ka yi zargi ba, kuma a nan wayonsa yake. Ya ce wani ne ya shigo da shi daga Turai, buƙatar kuɗi ta taso masa. "Alhaji, mutum biyu na kan layi, amma kai na fi so ka samu tunda ka san darajarsa." Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ya turo hoton kwali a tasha da lambar direba, na cika sauran.

Ina buɗe kwalin warin fenti ya buge ni. Wannan warin ne ya hana ni jona shi da wuta, na ɗauka na kai wa wani dattijo da ya shekara da shekaru yana gyaran rediyo da kayan sauti. Bai ma kunna ba. Ya ɗaga shi da hannu biyu, ya juya bayansa, ya ce, "Ɗana, wannan ai tsohon MK2 ne aka yi wa wanka." Ya nuna mini igiyar wuta da ta sauti duk a manne suke da jikin na'urar, kamar yadda MK2, wato tsohon samfurin SL-1200, yake tun fitowarsa a 1979, alhali M7L cire nasa ake yi a mayar. Na gaskiyar hannunsa mai riƙe allura ruwan zinare ne, yana da ɗan tambari mai lambarsa, yana da maɓallin da ke ninka iyakar ƙara ko rage saurin juyi. Nawa babu ko ɗaya. Nauyi ma ya tona asiri, don sabon bai kai kilo 10 ba, tsohon kuwa ya kai 12. Fenti ya hau kan kusoshi, ya shiga ramin abin daidaita sauri. Da Baba mai gyaran ya kankare inda aka shafe bayanan na'urar, sai ga 120V, wato na Amurka ne. Da na soka shi a wutarmu ta 230V, da tuni ya ƙone.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne MK2 ba abin yarwa ba ne. An daina yin sa a 2010, kuma mai lafiya har yau nemansa ake yi. Da an kawo mini shi da launinsa na asali da ƙujewarsa, an ce ga tsoho nan ga kuɗinsa, da na san abin da na saya. Ƙujewa tana faɗa maka irin wahalar da na'ura ta sha. Fentin nan an yi shi ne don ya rufe wannan labari, kuma a ƙarƙashinsa hannun allurar girgiza yake yi, wanda zai iya cinye mini faya-fayan da ba zan sake samun irinsu ba.

Abokina kuwa ɗan gargajiya ne, shi katako kawai. An nuna masa lasifikar JBL L100, wadda ta fara fitowa a 1970 aka sake yin ta a 2018 da sunan L100 Classic, akwatin katakon gyaɗar Turawa da soson gaba ruwan lemo. Abin da ya iso masa akwati ne da ruwa ya taɓa ci, gindinsa ya kumbura, aka naɗe shi da leda mai zanen katako. Idan ka lura, gaɓa ɗaya ce ke maimaita kanta a jikin zanen, abin da itacen gaske ba ya yi, kuma a kusurwa ledar har ta fara ɗagowa saboda zafi. L100 Classic ta gaskiya kowace ɗaya ta haura kilo 25. Tasa yaro ma zai ɗauka. An cire lasifikokin ciki an sa na arha, sai tambarin kawai aka manna.

Don Allah, kafin ku tura ko kwabo, ku shiga shafin kamfanin ku duba ko sun taɓa yin wannan samfurin da wannan launin. Ku nemi kiran bidiyo, ba hoto ba, mai kayan ya rubuta sunanku da ranar a takarda ya ajiye a gefen na'urar, ya juya muku bayanta ku karanta lamba da ƙarfin wuta da idonku. Kamfani ba ya fesa fenti a kan kusoshi ko kan rubutu, don kafin a haɗa na'ura ake yi wa jikinta launi. In da hali a ɗora a sikeli. Mutumin nan duk lokacin da na nemi bidiyo sai ya ce ba netwok a sito, kuma sunan asusun da na tura kuɗi daban yake da sunan da ya gaya mini. Idan kuna da ɗan uwa a garin, ku tura shi ya gani ya taɓa ya shinshina. Wanda ya riga ya faɗa hannunsa kuma ya hanzarta zuwa bankinsa da ofishin 'yan sanda da hotunan hirar da shaidar tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru.

Akwai masu sake wa na'ura fenti tsakani da Allah, su faɗa maka sun yi, kuma wasunsu aikinsu yana da kyau ƙwarai. Ba da su nake ba.

Garmahon nawa yana wurin Baba yana neman kayan gyaran hannun. Shi kuwa mutumin ya toshe lambata, amma shekaranjiya wani ya turo mini tallar wani sabon shafi: kore ne wannan karon, a kan tabarma iri ɗaya da wadda na gani a hoton nawa, kuma ko hoto ɗaya na bayan na'urar babu.