Babur mai mil 38,000: yadda na ga kasuwar na hannu a Birmingham

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya su Hajiya da yara.

Ka ce in ba ka labarin yadda ake cinikin babur a nan Ingila, tunda ka ji ina neman na hawa. Aikina a wani sito ne a bayan gari, ana shiga tun kafin asuba lokacin da bas ba ta fara yawa ba, mota kuma da inshorarta sun fi ƙarfina. To ga abin da na gani, kai da ka daɗe cikin harkar kayan mashin sai ka auna.

A Kano wa yake duba mita kafin ya sayi na hannu? Da yawa wayar mitar ta tsinke tun tuni, ba wanda ya damu ya mayar. Sai dai a tayar, a saurari inji, a leƙa salansa ko tana hayaƙi, bakanike ya ɗana zuwa bakin titi ya dawo, a yi ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. A nan kuwa mita ce kan gaba a kowace talla, da ita ake yanka farashi. Da mil suke ƙirge, mil ɗaya kuma ya kai kilomita 1.6. Wanda na sa wa ido, Honda CBF125 mai mil 38,000, ya haura kilomita 60,000 ke nan. Duk ɗan uwanmu da na gaya wa sai ya ce in rabu da shi, ƙaramin inji ya gama aiki.

Ban ga laifinsu ba, domin abin da suke tsoro gaskiya ne: hannun bakanike. A gida in inji ya fara shan baƙin mai, da safe a sauke shi a gindin bishiya, yaro ya ruga ya sayo ring da fistin, kafin la'asar mai shi ya hau abinsa. Kayan Boxer ba unguwar da babu su, kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba. A nan gareji da awa suke caji, awa ɗaya takan haura fam 50, ban da kuɗin kaya, kuma sai an ba ka rana, wani lokaci sai mako mai zuwa. Babur ɗin da ka saya fam 900, in aka buɗe injinsa sau ɗaya rabin kuɗinsa ya tafi. Shi ya sa za ka ga an sayar wa masu ɓarewa babur ɗin da a Ƙofar Ruwa zai ƙara shekara goma yana neman abinci. Wallahi Yaya, sai da na zo nan na san darajar kanikawanmu. Mutumin da zai kasa kunne ya ce maka boris ne ko cen ɗin cikin inji, ya gyara maka a tsaye kana kallo, a nan ba kowa ke samun irinsa ba.

Inda suka fi mu shi ne takarda, kuma ba ƙaramin fifiko ba ne. Duk babur ɗin da ya kai shekara uku dole a kai shi gwajin lafiya kowace shekara, wanda suke kira MOT, kuɗinsa ba ya wuce fam 29.65. Duk ranar da aka yi gwajin sai an rubuta abin da mita ta nuna. Da lambar babur kawai za ka shiga shafin gwamnati a intanet, kyauta, ka ga tarihinsa shekara bayan shekara: mil nawa ya yi, yaushe ya faɗi gwaji, me ya kayar da shi, wane gargaɗi aka rubuta wa mai shi. In an mayar da mita baya, a nan asiri ke tonuwa. Akwai takardar mallaka, V5C, wadda dole lambar jikin babur ta yi daidai da ta cikinta. Akwai kuma kamfanonin da za ka ba su ɗan kuɗi su bincika maka ko na sata ne, ko akwai bashi a kansa, ko inshora ta taɓa yanke cewa ya tashi daga aiki bayan haɗari. Ka tuna yawan mutanen da aka rufe a caji ofis a gida saboda sun sayi mashin da rasit ɗin ƙarya. Da muna da irin wannan rajistar da an rage wannan baƙin cikin. Sai dai gwajin ba ya duba cikin inji, ko kuloci, ko giya. Irin su birki, taya, fitilu da sitiyari ne aikinsa. Sauran kai za ka duba da idonka.

Kafin Hondar mai mil 38,000 na je ganin wani mai mil 9,000 kacal, kuɗinsa ya fi na wancan nesa. A hoto kamar sabo. Da na isa sai na tarar da shi a bayan gida, an lulluɓe shi da tamfol. Cen ya ƙage, wasu gaɓoɓinsa ba sa lanƙwasuwa. Wuyan salansa ya yi ja da tsatsa, ƙarafan shokin gaba duk sun yi ƙuraje har mai na tsattsafowa. Tayoyin da sauran zane sosai, amma gefensu ya tsattsage, lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi su kuma sun nuna tun na kamfani ne. Tarihinsa ya nuna shekaru da dama mita ba ta motsa ba. Ka san mu ƙura da zafi ne ke cin mashin. A nan ruwa ne da gishiri, domin da sanyi gishiri suke watsawa a titi kada ya daskare, shi kuma yana cin ƙarfe. Babur ɗin da aka hau cikin gishiri aka jingine ba wanki, ya fi wanda ake hawa kullum lalacewa.

Mai mil 38,000 ɗin na wani dattijo ne da ya yi ritaya, da shi yake zuwa aiki tun yana sabo. Na roƙe shi kada ya tayar kafin in zo. Da na isa na dafa injin na ji shi da sanyi, aka danna sau ɗaya ya tashi, ba ƙara-ƙara, ba shuɗin hayaƙi. Na bar shi ya ɗumama na sake saurara. Na ja cen daga bayan sifaket na ga ya ɗago fiye da kima, haƙoran ma sun fara lanƙwasa, na san wannan sai canji. Na ɗaga gaban na juya kan hagu da dama, ba inda ya cije. Sai dattijon ya shiga gida ya fito da wata jaka cike da rasit, an jera su bi da bi: juyen baƙin mai kusan duk mil 2,500 kamar yadda littafin kamfani ya ce, saitin bawul, takalman birki, batir, har da ranar da aka sa taya. Inji ne da bai cika cin lita ɗaya ta mai ba, saboda haka rayuwarsa gaba ɗaya tana kan juye a kan lokaci. Mil ɗin nasa kuma na doguwar hanya ne, inji ya yi zafi ya zauna a gudu ɗaya, ba tsaya-tashi ba.

Wanda zan hana kowa saye shi ne wanda aka yi kai abinci da shi kuma ba takarda. Su ne 'yan acaɓan nan ƙasar. Yini guda ana kashewa ana tayarwa a ƙofar gidajen mutane, hannu da yawa, ba mai tausayinsa. Ana gane su da shaidar akwati a baya da maƙalin waya a kai. Sukan yi sauƙi, amma araha ba ta ado. Ka kuma gaya wa yaran da ke shirin zuwa karatu da niyyar yin wannan sana'a cewa bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya yi aikin kansa ba, yawancin masu kai abincin kuwa a matsayin masu aikin kansu ake ɗaukarsu.

Kuɗin babur ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Sai ka yi horon yini guda, CBT, wanda ke ba ka damar hawa mai 125 na shekara biyu da alamar koyo, ba goyo, ba hawa babbar hanyar gudu da suke kira motorway. Haraji bai kai fam 30 a shekara ba, amma ba ya bin babur zuwa ga sabon mai shi, sai ka biya naka kafin ka motsa. Inshora dole ce, kuma ga sabon mahayi a unguwar da ake yawan sata takan kusa kai kuɗin babur ɗin kansa. Wanda aka kama ba shi da ita, tarar fam 300 ce da maki shida a lasisi, ana iya ƙwace babur ɗin ma. A Landan tsohon da bai kai matakin hayaƙi na Euro 3 ba, galibi na kafin 2007, fam 12.50 yake biya duk ranar da ya fito. Mu a Birmingham ba a cajin babur. In a shago ka saya, doka ta ba ka kwana 30 ka mayar in ya fito da aibu. A hannun mutum kuwa, muddin bai yi maka ƙarya ba, ka saya ka saya.

Na sayi na dattijon. Na nuna masa cen da tayar baya, ya rage mini ba gardama, muka sauya sunan mallaka a intanet a falonsa. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne zaman da na yi a shagonka ina yaro: juye, fulogi, birki da ɗaure cen duk zan yi da hannuna, na riga na sayi sifana da man feshin da ke hana tsatsa kafin sanyi ya shigo. Wanda bai iya riƙe sifana ba, shawarata ya ƙara kuɗi ya sayi mai ƙarancin mil a shago. Saitin bawul ne ban taɓa yi ni kaɗai ba, ran Lahadi in Allah ya kai mu zan kira ka ta bidiyo ka tsaya mini a kai. A gaida Hajiya da kyau, a ce ina sa hular kwano.