Wardin Double Delight: ƙamshi ya yi, amma a tona gindi kafin a biya

A kan ƙamshi babu magana. Ranar da furen farko ya buɗe, da sassafe tun daga ƙofar gida ake jin sa, ƙamshi mai ɗan yaji-yaji, ba irin fulawar biki da ake sayarwa a ɗaure ba, wadda sai kyan ido. Double Delight ɗan dangin wardin da ake kira hybrid tea ne, masu babban fure ɗaya a kan dogon reshe, kuma a Amurka aka fito da shi a 1977. Yana buɗewa da launin madara, sai rana ta riƙa rina masa baki har ya koma kamar an tsoma shi a zoɓo. Jan nan aikin rana ne. Wanda aka ajiye a inuwa fari-fari zai tsaya, don haka ba a zargin mai sayarwa a kan wannan.

Abin zarginsa daban ne. Guda huɗu na saya a leda wajen masu fulawa na bakin titi a nan Kaduna, aka ce daga Jos aka sauko da su. Irin wannan wardi aure ake yi masa kamar mangwaro: a ciro ido ɗaya daga mai kyan fure, a saka a jikin wani wardin mai ƙarfin saiwa wanda furensa ba abin kallo ba ne. Wurin auren yakan kumbura kamar gwiwa, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ya kamata gwiwar ta zauna a saman ƙasa da kamar santimita 3 zuwa 5. Biyu daga cikin huɗun an binne musu gwiwar can cikin leda, kusan tsawon yatsa, an danne da ƙasa yadda ba a gani.

Sati shida da dasawa ɗaya ya turo wani reshe daga cikin ƙasa, shar da shi, yana tsawo kamar bulala. Duk wanda ya gani sai ya ce shukar ta kama. Ashe gindin ne, wato wardin mai saiwa, ya farka yana cin abincin amarya, wato Double Delight ɗin da aka aura masa. Ganyensa ƙanana ne, korensa bai kai na sama duhu ba, kuma bakwai-bakwai suke a kara, alhali na Double Delight yawanci biyar ne. Ƙirgan ganye kaɗai ba hujja ba ne, domin na gaskiyar ma wani lokaci yakan yi bakwai. Hujjar ita ce inda reshen ya fito, ƙasa da gwiwa ko sama da ita, kuma wannan ne ainihin abin da binnewar ta ɓoye. Kafin a gane, bulalar ta wuce mita ɗaya, saman da aka biya kuɗi dominsa ya tsumbure, zafin Maris ya ƙarasa shi. Yanzu ga daji nan na ƙaya a wurin, ko fure ɗaya babu.

Na biyun da aka binne wa gwiwa shi ma ya turo irin wannan tohon, amma an ceto shi. An tone ƙasa har inda tohon ya haɗu da saiwa, aka fizge shi da hannu cikin safar roba mai kauri. Idan aka datse da almakashi a saman ƙasa, biyu ko uku ne za su dawo, domin idanun da ke gindin tohon suna nan. Fizgewa ce ke fitar da su.

Ukun da suka rage, gaskiya sun biya kuɗinsu. Rami santimita 50 zurfi da faɗi, ƙasar wurin kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Suna samun ranar safe kamar awa shida, katanga ta tare musu ta yamma. Ruwa bokiti ɗaya na lita 10 a gindi da safe, duk bayan kwana biyu ko uku a hunturu, kullum a bazara. Takin zamani 15-15-15 ƙaramin tafin hannu a wata, a zagaye nesa da kara, a bi da ruwa nan take. Idan fure ya tsufa a yanke a saman ganyen farko mai biyar wanda ke kallon waje, bayan sati shida zuwa bakwai wani ya zo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu furen kan cika tafin hannu. A Afrilu kuwa yana ƙanƙancewa, bakinsa ya ƙone kafin azahar, kuma babu takin da ke gyara wannan.

Yana da laulayi, ba zan ɓoye ba. Da sanyin hunturu wani farin gari kamar toka yakan hau sabon ganye ya nannaɗe shi, wannan nau'in kuwa ya shahara da kama shi. Da damina baƙin ɗigo ke bin ganyen ƙasa, su yi rawaya su zube. Sai an tsince ganyen da ya kamu an ƙona, an daina jiƙa ganye wajen ban ruwa, an fesa mancozeb, wani maganin cutar ganye, duk bayan kwana 7 zuwa 10 muddin ana ruwa. Mai son ya shuka abu ya manta da shi, wannan ba nasa ba ne.

Da na ce zan ba shi yabo cikakke, sai na tuna amsar da na samu da na koma wajen masu fulawar da hoton bulalar nan: wai ruwa ne ya yi yawa. Ruwa ba ya mayar da ganye biyar bakwai. Wanda ya cika ledar ya san inda gwiwar take. Zan ƙara sayen Double Delight a ƙarshen Oktoba don cike gurbin nan, amma ba a wajensu ba, kuma sai na sa yatsa na tone bakin ledar a gaban mai ita, na ga gwiwar da rassa uku masu kauri a samanta, babu wani toho a ƙasa.