Aikin mafitsarar Baba yana da shekara 86: yadda muka ga asibitin

Wata uku Baba ya yi yana fitsarin jini bai gaya wa kowa ba. Da yake babu zafi, sai ya ɗauka tsohuwar tsargiyarsa ce ta dawo, wadda ya kwasa tun yana saurayi yana noman shinkafa a fadamun Kura. Ƙanena ne ya ga jini a fo ɗinsa da asuba, shi ne muka kai shi wani asibitin koyarwa. Hoton da aka ɗauka ya nuna tsiro a jikin mafitsara. Baba bai taɓa shan taba ba, amma likita ya ce tsargiyar da ta daɗe a jiki ita ma tana iya kawo dajin mafitsara.

Likitan nan ya cancanci yabo. Na zata zai dubi shekarun Baba ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Sai ya jawo kujera ya zauna gabansa. "Baba, da ƙafarka kake zuwa masallaci? Kai kake yi wa kanka wanka? Abinci fa, yana shiga?" Ya ce ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, ana duba zuciya da ƙoda da ƙarfin jiki. Ya bayyana mana cewa za a fara kankare tsiron da na'ura mai kyamara da za a zura ta inda fitsari yake fita, ba tare da an yanka ciki ba, a kai shi gwaji. In ya ci cikin tsokar mafitsara, sai a yi maganar cire ta gaba ɗaya, a yanko guntun hanji a yi wa fitsari hanya zuwa jaka a gefen ciki. Bai ɓoye mana ba cewa wannan babban aiki ne mai nauyi ga tsoho.

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Likita, da jaka a jikina, yaya alwalata?" Likita bai yi gaggawa ba. Ya ce hukuncin mai lalurar yoyon fitsari sananne ne, ya tambayi limaminsu, kuma ba a kai nan ba tukuna. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Allura aka yi masa a baya, jikinsa ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa, yana farke har aka gama. Aka sa masa robar fitsari, ana zuba ruwa yana wanke mafitsarar, daga ja jawur har ya koma kamar ruwan shayi.

Inda raina ya ɓaci shi ne dare na biyu. Baba ya rikice, bai gane ni ba, yana kiran Innarmu da ta rasu shekara tara, yana ƙoƙarin fizge robar. Nas ɗaya ce ga ɗakin gaba ɗaya, baiwar Allah tana ta kai da kawo. Ni kaɗai na riƙe hannayensa har asuba ina kuka, na ɗauka tafiya ce ta zo. Da safe aka ce mini ai tsofaffi sukan yi haka bayan tiyata, yakan wuce. To me ya hana a faɗa mana tun farko? Da mun kwana mu biyu, da mun kawo masa tabaraunsa da carbinsa. Sakamakon gwajin ma sai da ya ci mako biyar, kullum a ce mu dawo jibi.

Alhamdulillahi, gwajin ya nuna tsiron bai shiga tsoka ba. Amma irin wannan tsiro yana yawan dawowa, don haka duk wata uku za a riƙa leƙa mafitsarar da kyamara. Wurin likitan nan za mu ci gaba da zuwa, sai dai duk ranar da za a kwantar da Baba, ni da ƙanena za mu kwana tare da shi. Juma'ar da ta wuce da sandarsa ya tafi masallaci, ya ce kada wanda ya riƙe shi.